KU ZAGA BAYAN GIDAN CACAR KU GANI: Martani Ga Masu Yi Mana Tallan Atlantik Siti



Yau kwana huɗu ke nan ana ta yawo da wasu hotuna a zaurukan WhatsApp na jam'iyya. Wani babba cikin manyanmu, ba sai na kama suna ba, ya tafi hutu Amurka, ya sauka a garin Atlantik Siti na jihar Niu Jasi. An ɗauke shi a bakin teku da farin tabarau, an ɗauke shi a gaban wani dogon otal mai walƙiya. Sojojin bakansa kuma suka ɗora nasu, wai oga ya je gano ci gaba ne, wai irin wannan gari zai gina mana in Allah Ya ba shi kujera. Na ga yaranmu, har da na tsaginmu, suna ta zuba masha Allah a ƙarƙashin hotunan kamar an nuna musu Aljanna.

Na so in yi shiru wallahi. Hutun mutum nasa ne. Amma tunda an ɗauko hoton hutu an mayar da shi alƙawarin kamfe, to ya zama maganar jam'iyya, kuma ni ina da ta cewa. Domin na taka garin nan da ƙafata, na kwana biyu a cikinsa, kuma ni ma na taɓa yin irin wannan kuskure na ɗora hoto a Facebook ina cewa Allah Ya nuna mana ranar da garinmu zai zama haka. Daga baya na goge shi saboda kunya. Bari in gaya muku dalili.

Wani taron matasa ne ya kai ni Niu Yok. Da aka tashi sai na sauka wajen ɗan gwaggona da ke tuƙa tasi a can. Ranar Juma'a da safe ya ce, "Shugaban matasa, tashi in kai ka ka ga teku, kada ka koma gida ka ce hayaƙin mota kawai na shaƙa maka." Na ce, "Yaya, ai ko ba ka faɗa ba dama ina da niyyar roƙo." Muka ɗauki wani abokin aikinsa, Bahaushe daga wata ƙasa maƙwabciyarmu, mu uku muka hau bas. Tafiyar wajen awa biyu da rabi ce. Abin da na fara lura da shi a motar nan shi ne yawancin fasinjojin tsofaffi ne, wasu da sanda, wasu da jakar magani a cinya. Da muka isa aka ba kowa wata 'yar takarda, wai kyautar kuɗin fara wasa a injin caca. Ka ji fa. Ana ba ka kuɗi kyauta don ka shiga. Tun daga nan mai hankali zai gane cewa tsaba ce ake watsa wa kaza.

Zan faɗi gaskiya, ba zan rage wa garin komai ba. Tekun yana da kyau. Rairayin bakinsa kyauta ne, ba a biyan ko sisi kafin a shiga. Akwai wani doguwar hanyar katako da aka shimfiɗa a bakin ruwan tun 1870, ita ce irinta ta farko a Amurka, kuma tafiya a kanta da yamma, iska na kaɗa ka, abu ne da ba zan manta ba. Akwai shaguna, akwai lilon yara, akwai wasu kujeru masu taya da ake tura 'yan yawon buɗe ido a kai, yawancin masu turawar baƙi ne irinmu da suka zo neman abinci. Duk wanda ya tsaya a kan katakon nan ya ɗauki hoto, hoton zai yi kyau. Oga bai yi ƙarya da kyamara ba. Inda ya juya kyamarar ne matsalar.

Neman masallacin da za mu yi Juma'a ne ya fitar da mu daga kan katakon. Muka ratsa ta gefen otal, muka tsallaka titi ɗaya, muka tsallaka na biyu. Jama'a, kamar an kashe wuta. Filaye ne fayau da ciyawa ta cinye inda a da gidajen mutane ne. Gidaje an toshe tagoginsu da katako. Shaguna a jere da allon da ke cewa muna sayen gwal, muna karɓar jingina. Mutane a kwance a bakin hanya da tsakar rana. Tafiyar minti biyar ce tsakanin inda oga ya tsaya da inda nake ba ku labari. Na tambayi ɗan gwaggona, "Yaya, shagunan gwal ɗin nan da yawa haka fa?" Ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, wanda aljihunsa ya ƙare a ciki, zoben matarsa yake fitowa da shi."

Da na dawo gida sai na zauna na bi tarihin garin, don in san ko idona ne ya yaudare ni. Abin da na samu shi ne ya sa nake wannan rubutu, domin labarin Atlantik Siti labarin alƙawarin 'yan siyasa ne tun daga tushe.

An kafa garin a 1854, shekarar da layin dogo ya isa wurin, ya zama wajen shan iskar mutanen Filadelfiya da Niu Yok. A ƙidayar 1930 yana da mutum sama da 66,000. Da motoci suka yawaita, tikitin jirgin sama ya yi sauƙi, sai masu hutu suka koma Mayami da tsibiran Karebiyan, garin ya fara mutuwa. A 1964 jam'iyyar Dimokurat ta yi babban taronta na ƙasa a can, inda ta tsayar da Lyndon Johnson takara, 'yan jaridar da suka halarta kuwa suka koma suna ba da labarin tsofaffin otal-otal da suka lalace. Sai aka fara neman mafita, aka ce caca ce maganin. A 1974 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan halatta gidajen caca a faɗin jihar, jama'a suka ƙi. A 1976 aka sake dawowa, aka ce to a Atlantik Siti kaɗai, kuma harajin da za a karɓa tsofaffi da masu buƙata ta musamman za a taimaka wa da shi. Nan aka ci zaɓe. Gwamna Brendan Byrne ya sa wa dokar hannu a 1977, dokar da ta bayyana caca a matsayin hanyar sake gina birnin. Ranar 26 ga Mayu, 1978, gidan caca na farko ya buɗe, mutane suka yi dogon layi a kan katako.

Ku lura da salon: gari ya talauce, an zo da babban aiki guda ɗaya, an ce shi zai ɗauke kowa, an saka sunan tsofaffi da marasa ƙarfi a gaba don kada wani ya yi musu. Akwai wanda bai taɓa jin irin wannan waƙar a filin kamfe ba?

Kuɗi kam sun shigo, ba a musun wannan. A 2006 gidajen cacar garin sun ci wajen dala biliyan 5.2 daga aljihun 'yan wasa a shekara guda. To ina mutanen garin? A ƙidayar 1970, kafin caca, mazauna garin sun kai kusan 48,000. A ƙidayar 2020, bayan shekara 42 ana juya biliyoyi, sun koma 38,497. Kusan mutum ɗaya cikin uku a garin yana ƙarƙashin layin talauci a ma'aunin Amurka, a cikin jihar da take cikin mafiya arziki a ƙasar. Wane irin ci gaba ne mutane ke gudunsa?

Dalilin ba boyayye ba ne. Da aka halatta caca, 'yan baranda suka afka wa filaye, farashi ya tashi, aka rushe gidaje ana jiran mai saye, wasu filayen har yau ba a gina komai a kansu ba. Shi kuma gidan caca ba a gina shi don ka fita ba. Abinci a ciki, wurin kwana a ciki, shaguna a ciki, mawaƙa a ciki. Zauren wasan babu taga, ban ga agogo ko ɗaya a bango ba, abin sha kuma ana kawo wa mai wasa har kujera. Baƙo zai shigo ta garejin otal ya fita ta garejin otal, bai sayi ko ruwan kwalba a hannun ɗan gari ba. Ƙananan gidajen abinci da shagunan cikin gari da suka yi zaton kakarsu ta yanke saƙa, da yawansu rufewa suka yi.

Za a ce mini ai an samar da ayyukan yi. Haka ne. A lokacin ganiyarsu gidajen cacar sun ɗauki ma'aikata sama da 40,000, duk da cewa akasarinsu a garuruwan kewaye suke zaune, can suke kai albashinsu. Amma mu ga yadda aikin ya ƙare. A ƙarshen 2006 jihar Fensilbeniya da ke maƙwabtaka ta buɗe nata gidajen cacar. Mutumin Filadelfiya ya ga babu dalilin tafiyar awa guda tunda ga inji a bayan gidansa. Cikin shekara 9 cinikin Atlantik Siti ya faɗo kusan rabi. A 2014 kaɗai gidaje 4 cikin 12 suka rufe, mutum wajen 8,000 suka wayi gari babu aiki. Ɗaya daga cikinsu, Revel, an kashe dala biliyan 2.4 wajen gina shi, an buɗe a 2012, an rufe a 2014, aka sayar da shi dala miliyan 82 a 2015. Ku ɗauki biro ku yi lissafi. Taj Mahal da Donald Trump ya buɗe a 1990 da gagarumin biki, shekara guda ya yi ya shiga kotun masu karyewar jari, daga ƙarshe ya rufe a 2016. Trump Plaza kuwa da nakiya aka rushe shi a Fabrairun 2021, mutane suka taru suna kallo suna tafi.

Ita kuma hukumar birnin da ta jingina kasafinta da harajin waɗannan gine-gine, da darajarsu ta faɗi sai masu su suka garzaya kotu suna neman a rage musu haraji, a kuma mayar musu da rarar da suka biya. Asusun gari ya bushe. A Nuwamban 2016 gwamnatin jiha ƙarƙashin Chris Christie ta ƙwace ragamar kuɗin birnin daga hannun zaɓaɓɓun shugabanninsa. Wato mutanen gari sun kaɗa ƙuri'a, amma wani daga babban birnin jiha ne ke sa hannu. Mu da muke kuka kullum kan 'yancin ƙananan hukumomi, wannan ne abin koyinmu?

Akwai wasu labarai biyu da na san za su yi muku kama da na gida. Na farko, garin ya daɗe ba shi da cikakken babban kantin sayar da kayan abinci. A 2021 aka yi bikin aza harsashin gina shi, gwamna da kansa ya zo, aka riƙe shebur aka ɗauki hoto. Aikin ya wargaje, ba a gina ba. Na biyu, a 2019 magajin garin, Frank Gilliam, ya amsa laifinsa a kotu cewa ya wawure dala 87,000 daga asusun wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta yara matasa, ya sauka daga mulki. Ba shi ne na farko ba, a 1984 ma an ɗaure wani magajin garin, Michael Matthews, kan cin hanci. Inda kuɗin banza ke yawo, nan ƙudaje ke taruwa, ko a Amurka ne. Bambancinsu da mu dai su can an kai ga kotu.

Yanzu bari in koma kan abokin tafiyarmu, don shi ne ya fi tsaya mini a rai. Da daddare ya ce zai shiga ya kashe 'yar takardar kyautar nan kawai ya fito, tunda ba kuɗinsa ba ne. Ni da ɗan gwaggona muka bi shi muna kallo. Hayaƙin taba ya cika ɓangaren da ya zauna, don dokar jihar ta 2006 da ta hana shan taba a wuraren aiki ta ware gidajen caca, ma'aikatan sun yi shekaru suna zanga-zanga a kan haka. Kyautar ta ƙare cikin minti kaɗan. Ya ciro dala 20. Ya ci 60, ya waiwayo yana murmushi. Daga nan ya bar inji ya koma teburin faifai. Kafin awa guda dala 700 ta tafi, kuɗin da ya ce mana a mota zai aika gida a biya wa 'ya'yansa makaranta. Ɗan gwaggona ya riƙe masa hannu ya ce, "Malam, don girman Allah tashi mu tafi." Ya ce saura sau ɗaya. A hanyar dawowa bai ce uffan ba har muka shiga Niu Yok. Mutumin nan awa 12 yake yi a kan sitiyari.

Hukuncin caca a addini kowa ya san shi, na bar wa malamai wannan fage. Ni difloma gare ni, lissafi kawai zan yi muku. Faifan nan da ya ci kuɗin mutuminmu gurabe 38 ne da shi: lamba 1 zuwa 36, da sifiri guda, da sifiri biyu. In ka ɗora dala 1 a kan lamba ta fito, za a ba ka 35 a haɗa maka da dalarka, 36 ke nan. To ka ɗora dala ɗai-ɗai a kan dukkan gurabe 38. Dole ɗaya ta ci. Ka kashe 38, an ba ka 36. Biyun nan fa? Ita ce ta gina otal ɗin da oga ya tsaya a gabansa. Sama da dala 5 cikin kowace 100 da aka ɗora, dare da rana, babu hutun Sallah babu na Kirsimeti. Ba sa buƙatar yin maguɗi, an riga an gina cin a cikin faifan. Duk fitilar da ka ga tana walƙiya a hoton nan, asarar wani ce ke biyan kuɗin wutarta.

Na san abin da 'yan amshin shata za su rubuto a ƙasa, bari in rage musu wahala.

Za su ce hassada ce, don ban samu an tafi da ni ba. Na riga ogan naku zuwa, kuma da kuɗin bas ɗina.

Za su ce ai ga Monako, caca ta mayar da ita ƙasar attajirai. To ku ji. Gidan cacar Monte Karlo ya haura shekara 150, amma dokar ƙasar ta hana ɗan Monako shiga ya yi wasa a cikinsa. Baƙo kaɗai ake yanka. Singafo ma da ta buɗe nata a 2010, ɗan ƙasa sai ya biya harajin shiga, wanda tun 2019 ya kai dalar Singafo 150 a rana, baƙo kuwa kyauta yake shiga. Masu abin da kansu sun san guba ce, shi ya sa suke kare 'ya'yansu. Mu in an gina mana, wane baƙon ne zai zo? Attajirin Turai zai baro Monako ya zo wajenmu? Ɗan acaɓa da ɗan ga-ruwa da ma'aikacin ƙaramar hukuma ne za su cika wurin.

Za su ce oga bai ce zai gina gidan caca ba, otal da wurin shaƙatawa yake nufi. Madalla. To ya fito ya faɗa da bakinsa, ya kuma gaya mana me zai riƙe otal ɗin. Dogayen gine-ginen da ke hoton nan caca ce ta gina su, caca ce ke ciyar da su, kuma mun ga abin da ya same su ranar da cinikinta ya ja baya. Ba a nuna wa mutum inuwar giginya a ce masa ba ruwansa da giginyar.

Wani abin da ya kamata ya tayar mana da hankali ma ya wuce gini. Jihar Niu Jasi ta halatta caca ta intanet a 2013, ta ƙara da cacar wasanni a 2018 bayan ta yi nasara a Kotun Ƙolin Amurka. Yanzu mutum ba ya buƙatar hawa bas ya je bakin teku, gidan cacar yana cikin aljihunsa. Wannan kam ba sai an ba mu labari ba. Ku duba majalisar unguwarku daren da ake buga ƙwallon Turai, ku ƙirga yara nawa ne suka sunkuyar da kai kan waya suna jiran tikiti ya shiga. Ni na san waɗanda jarin sana'arsu ya tafi ta nan, na san wanda ya sayar da babur. Atlantik Siti ko ba komai ta samu teku da katako. Yaranmu asarar kawai suke samu. A irin wannan hali ne shugaba zai tsaya a gaban hedikwatar abin yana murmushi, mu kuma muna rubuta masha Allah?

Ba na hana kowa hutu. Wanda Allah Ya hore wa ya je ya ga teku, ya sha iska, ya hau hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Absecon mai matakala 228 ya kalli gari daga sama. In ma ya hau, daga can zai hango filayen da nake faɗa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a dawo mana da hoton gaban gida a ce manufa ce.

Don haka 'yan uwa matasa, ga roƙona. Duk ɗan takarar da ya nuna muku hoton wata ƙasa, na tsaginmu ne ko na wancan, ku yi masa tambaya uku kafin ku tafa. Kuɗin da suka gina wurin daga aljihun wa suka fito? Mutanen da aka tarar a wurin suna ina yanzu? Ranar da kasuwar ta faɗi, wa zai biya bashin? In ya amsa da hujja, mu bi shi gida-gida mu nema masa ƙuri'a. In ya fara kame-kame, ku ce ya zaga bayan otal ɗin ya ɗauko mana hoto na biyu.

Wanda ya ga na yi ƙarya a lamba ko a shekara, ga fili nan a ƙasa, ya kawo tasa. Zagi kuma na saba, ba ya hana ni barci.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayinmu, Ya kare matasanmu daga cin gumin juna. Amin.